Labarin Salo Flohr, Gwanin Darar Turawa Na Ƙasar Cekosulobakiya

Jama'a, akwai wata irin dara da Turawa ke yi, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, mutanen Barno kuwa sun san irinta tun da, suna ce da ita tsatsarandi. Gidajenta 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16, cikinsu har da sarki da dawaki da dakaru. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa, ya hana shi wurin gudu, shi ya ci. In kuwa an kasa cin juna sai a ce an yi kunnen doki, a ba kowa rabin ci. Ku riƙe wannan magana ta kunnen doki, gama za ta yi ta komowa cikin labarin nan.

An haifi Salo Flohr cikin shekarar 1908 a wani gari da a ke kira Horodenka, wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Yukuren. Iyayensa Yahudawa ne. Cikin babban yaƙin duniya na farko aka kashe su, shi da ɗan'uwansa suka gudu, har suka faɗa Cekosulobakiya, sabuwar ƙasa wadda aka kafa cikin 1918. Yana saurayi ya koma Firag, babban birninta. Can ya riƙa zama a shagunan shan gahawa inda gwanaye ke taruwa, yana wasa da su a kan kuɗi kaɗan, har suka lura yaron nan ba kanwar lasa ba ne.

Cikin 1929 aka yi gasa a Rogashka Silatina, ya zo na biyu, bayan tsohon gwani Rubinstein. Da shekara ta kewayo ƙasarsa ta sa shi gaba a gasar ƙasashe ta Hambug, ya yi wasa 17, ya tashi da ci 14 da rabi. A Hastings ta Ingila, inda a ke gasa kowace shekara wajen Kirsimeti, sau uku a jere yana ɗaukar na ɗaya shi kaɗai, tun daga ƙarshen 1931. Cikin 1932 ya kara da Sultan Khan, wani Musulmi mutumin Fanjab, baran wani basarake, wanda ya zama zakaran Ingila har sau uku. Wasa shida suka yi, Flohr ya ci biyu, Sultan Khan ya ci ɗaya, sauran kunnen doki. Ya kara da Euwe na Holan cikin shekaran nan, da Botvinnik na Rasha cikin 1933, duka biyu ba wanda ya rinjayi wani. Cikin 1935 kuwa, a Masko, cikin gwanaye 20, shi da Botvinnik suka raba na ɗaya, Lasker da Capablanca, tsofaffin sarakunan dara na duniya, suna bayansu. Ko wasa guda ba a ci Flohr ba.

Kai, a zamanin nan mutanen Firag sun so shi ƙwarai! Har taba sigari da turare da takalman ɗaka aka riƙa sayarwa da sunansa.

To, yaya wasansa ya ke? Yana yaro mai kai farmaki ne, amma da ya girma sai ya zama mai haƙuri da tsantseni. Ba ya yarda ya ba da ɗa don ya sayi hanya, sai ya yi ta matsa abokin wasa sannu sannu, ya ƙwace dakare guda, sa'an nan ya yi musayar sauran 'ya'ya, ya ci da guda ɗin nan. Wanda bai kai shi ba, ba shi da mafita. Amma in ya gamu da tsaransa sai ya tsare gida, ya nemi kunnen doki. Ba mu ga laifinsa sosai ba. Maraya ne, dara ce gonarsa, wanda kuwa maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Cikin 1936 ya zo na ɗaya a Podebradi, ya bar Alekhine a na biyu. Saboda haka sa'ad da ƙungiyar dara ta duniya, watau FIDE, ta yi taro a Istokholam cikin 1937, sai ta zaɓe shi ya zama mai neman sarautar dara, ta tsallake Capablanca. Mutane da yawa suka yi gunaguni. Ƙarshen shekaran nan Alekhine ya karɓe sarautarsa daga hannun Euwe, ya yarda zai kara da Flohr. Kamfanin takalma na Bata, wanda asalinsa a Cekosulobakiya ya ke, shi aka sa ran zai biya kuɗin.

Ana cikin wannan shiri sai Hitila ya taso. Ƙarshen watan Satumba 1938 aka yi taro a Munik, Ingila da Faransa suka yarda Jamus ta yanki wani sashi na Cekosulobakiya, ba a ko shigar da masu ƙasar ɗakin shawara ba. Cikin Nuwamba aka buɗe gasar AVRO a Holan, ta gwanaye takwas da suka fi kowa a duniya, kowa ya kara da kowa sau biyu. Flohr ya zauna gaban allo, Bayahude, ƙasarsa tana rushewa, hankalinsa na can wajen iyalinsa. Wasa 14 ya yi, bai ci ko ɗaya ba. An ci shi biyar, tara kunnen doki, ya zo na ƙarshe. Keres da Fine, samari biyu, suka raba na ɗaya. Ran 15 ga Maris 1939 sojan Jamus suka shiga Firag, maganar karawa da Alekhine ta mutu ke nan.

Waɗansu marubuta su kan ce yaƙi ne kaɗai ya hana Flohr sarauta. A ganinmu maganar tana da gyara. A wancan zamani sarautar nan ba a samunta sai an ci mai riƙe da ita, kunnen doki ba ya tuɓe sarki. Alekhine kuwa mayaƙi ne wanda ba ya barin abokin wasa ya huta, ga kuma Botvinnik da Keres sun taso da ƙarfi. Da wuya Flohr ya ci. Amma yaƙi ya hana shi ko da gwadawa, alhali ya cancanta. Ƙarfinsa kuwa bai ƙare ba tukuna, gama farkon 1939 ya ci babbar gasar Leningirad da Masko, ga Keres da Reshevsky duk a ciki.

Daga bisani ya sauka Masko, ya zama ɗan Tarayyar Sobiyet cikin 1942. Alekhine ya rasu cikin 1946 yana riƙe da sarauta. Da aka tara gwanaye biyar cikin 1948 don a fid da magaji, ba a sa Flohr ba, Botvinnik ya ci, wanda suka yi kunnen doki da shi shekara 15 da suka wuce. Cikin 1950 FIDE ta ba Flohr laƙabin babban gwani, ya shiga gasar masu neman sarauta a Budafes, su goma, ya ƙare cikin ukun ƙarshe. Daga nan ya fi mai da hankali ga rubuta labarin dara cikin jaridu da alƙalancin gasa. Ya rasu a Masko ran 18 ga Yuli 1983, yana da shekara 74.