Katin ajiye mota na masu buƙata ta musamman a Tarayyar Turai

Katin ajiye mota na masu buƙata ta musamman shaida ce da ake ɗorawa a bayan gilashin gaba na mota, wadda ke ba mai ita damar tsayawa a guraben da aka keɓe wa naƙasassu. Guraben kan kasance kusa da ƙofar shiga, kuma sun fi sauran faɗi domin mai keken guragu ya samu sararin sauka. Katin na mutum ne, ba na mota ba: yana aiki ko mai shi ne ke tuƙi, ko wani ne ya ɗauko shi.

Tun a 1998 ƙasashen Tarayyar Turai suka amince da samfurin kati guda mai launin shuɗi da hoton keken guragu. Sai dai abin da aka zartar a lokacin shawara ce kawai, ba ta wajaba a kan kowa ba. Kowace ƙasa ta riƙa buga nata da ƙari ko ragi, na jabu suka samu ƙofa, jami'an hanya kuma ba kullum suke gane katin maƙwabta ba. Wanda ya tuƙo daga Beljiyam zuwa Italiya yana iya dawowa ya tarar da takardar tara a jikin motarsa, alhali a gurbin da ya dace da shi ya tsaya.

Wannan giɓi ne Hukumar Tarayyar Turai ta nemi cikewa da daftarin da ta gabatar a ranar 6 ga Satumban 2023. Daftarin ya haɗa abu biyu: sabon katin ajiye mota, da katin shaidar naƙasa da aka riga aka gwada a ƙasashe takwas, ciki har da Finland da Malta da Romaniya. Majalisar Dokokin Tarayyar ta amince da shi a Afrilun 2024, majalisar ministoci ta bi baya a Oktoba. An ba ƙasashe wata 30 su shigar da shi cikin dokokinsu, da wata 42 su fara aiki da shi, wato zuwa tsakiyar 2028.

Sabon katin zai zo da fasali ɗaya a ƙasashen 27, ɗauke da lambar QR da jami'i zai duba don tantance sahihancinsa, kuma ƙasar da ta ga dama tana iya ƙarawa da na waya. Wajibi ne a ba baƙon da ya zo gajeriyar ziyara, wadda ba ta wuce wata uku ba, irin damar da ɗan ƙasa ke samu.

A nan ne masu tafiya kan yi kuskuren fahimta. Dokar ta daidaita katin, amma ba ta daidaita ƙa'idojin tsayawa ba. Wani birni yana yafe kuɗin fakin gaba ɗaya, wani yana ƙara wa mai katin lokaci kawai, wani kuma yana buɗe masa titunan da aka hana sauran motoci shiga. Dokar garin da aka sauka ita ce ke aiki, don haka aka ɗora wa ƙasashe wallafa waɗannan bayanai a intanet. Haka kuma kowace ƙasa ce ke yanke wa ya cancanci katin, kuma katin bai shafi kuɗin tallafi na gwamnati ba.

Akwai wata doka ta biyu da aka zartar tare da ta farko, wadda ta faɗaɗa tsarin zuwa 'yan ƙasashen waje da ke zaune bisa ƙa'ida a ɗaya daga cikin ƙasashen Tarayyar. Ke nan ɗan Najeriya ko Nijar mai takardar zama a Jamus, wanda hukumomin can suka tabbatar da naƙasarsa, zai iya amfani da katinsa a Faransa. Wanda ya je da bizar ziyara daga Kano ko Yamai ba ya cikin waɗanda dokar ta ambata.

Birtaniya ma tana waje tun bayan ficewarta daga Tarayyar. Karɓar katinta, Blue Badge, ya dogara ne da abin da kowace ƙasa ta zaɓa.