Halaccin Zanga-zangar Yunwa: Nazari a Kan Agustan 2024 a Arewacin Nijeriya

Da hantsin ranar Alhamis, 1 ga Agusta, 2024, dubban matasa suka cika titunan Kano suna kukan yunwa da tsadar mai. Kafin rana ta faɗi an fasa cibiyar fasahar zamani ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda ba a ma kai ga buɗe ta ba, aka kwashe kujeru da kwamfutoci, aka cinna wuta. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Daga nan muhawara ta sauya akala. Jiya ana batun farashin kwanon masara, yau an koma batun yaron da ya ɗora kujerar gwamnati a ka. Wannan nazari yana bin sawun wannan sauyi ne: ko ɓarnar da aka yi ta isa ta rushe halaccin zanga-zangar, kuma ko ta isa ta halatta martanin da hukuma ta mayar?

Dalilin fitowar ba ya buƙatar dogon bayani, domin ruwa ba ya tsami banza. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 600 cikin wata biyu. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ake canzarwa kusan naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Yunin 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.19 cikin ɗari, ta abinci kuwa ta zarce kashi 40. Ita dai wannan hukuma ta faɗa tun 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Ga kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya tsayar da cinikin Katsina da Maraɗi, da na Kano da Damagaram, tsawon watanni. An yi gargaɗi tun da wuri: a Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun yi tattaki a Kano kan tsadar fulawa, mata da matasa sun tare hanya a Minna. Kwana uku kafin zanga-zangar aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin da a lokacin, a kasuwanni da yawa, ba ya sayen buhun shinkafa.

Ta fuskar doka ma maganar a fili take. Sashe na 39 da na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba ɗan ƙasa ’yancin faɗin ra’ayi da na taruwa, sashe na 45 ya ba hukuma damar taƙaita su don tsaro da zaman lafiya. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba a buƙatar izinin ’yan sanda kafin a yi gangami. Tushen wannan shari’a abin lura ne: jam’iyyar ANPP ce da wasu jam’iyyu suka kai ƙara, a zamanin da aka tarwatsa gangamin ’yan adawa da barkonon tsohuwa a Kano a Satumbar 2003, Muhammadu Buhari yana wurin. Dokar ’Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan an sanar da su za a yi tattaki, aikinsu shi ne su ba da kariya. Wato waɗanda ke riƙe da mulki yau sun ci moriyar wannan ’yanci a lokacin da suke waje. Tinubu da kansa ya soki cire tallafin da Goodluck Jonathan ya yi a Janairun 2012 da kakkausar murya.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɓarnar. Masu cewa zanga-zangar ta rasa halacci suna da hujja mai nauyi, kuma rashin adalci ne a mayar da su ’yan koren gwamnati gaba ɗaya. Wanda aka fasa wa shago talaka ne, wanda dokar hana fita ta hana wa abincin yini ɗan garuwa ne da mai tura baro da ɗan adaidaita sahu. Kano kuma gari ne da ya san yadda taro ke rikiɗa: 1953, rikicin Maitatsine na 1980, 1991, 2004. Dattijon da ya ga waɗannan da idonsa, idan ya ce a zauna a gida, ba lallai an ba shi ko sisi ba. Malamai da yawa sun hau mumbari kafin ranar suna hani, suna kafa hujja da wajabcin biyayya ga shugabanni da gudun fitina, suna buga misali da Libiya da Siriya da Sudan. Da aka ga hayaƙi ya tashi, sai suka ce ga abin da muka faɗa.

Amma wannan hujja ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Mai ɗauke da kwali da mai ɗauke da kujerar sata sun bi titi guda, wannan bai sa sun zama mutum guda ba. Karin maganar da ke cewa wake ɗaya ke ɓata gari tana aiki a madafi, ba ta aiki a kotu, domin shari’a, ta Musulunci da ta boko, mai laifi take kamawa da laifinsa. Idan aka yarda cewa fasa gini ɗaya yana soke ’yancin dubun mutane, to an miƙa wa duk mai son murƙushe zanga-zanga makami mafi arha: ya yi hayar ’yan daba goma. A garin da ’yan siyasa suka daɗe suna kiwon ’yan daba don ranar zaɓe, wannan ba hasashe ba ne mai nisa. Misalin Sudan ma yana da baki biyu. Gaskiya ne bore ya faro daga tsadar burodi a Atbara a Disambar 2018, ya kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 tsakanin janar-janar biyu ne masu riƙe da bindigogi, waɗanda dakarunsu suka buɗe wa masu zaman dirshan wuta a Khartoum a Yunin 2019.

Masanin tarihin Ingila, E. P. Thompson, ya nuna a wani nazari na 1971 cewa masu boren abinci a ƙarni na 18 ba yunwa kawai ke ingiza su ba. Suna da yaƙinin cewa akwai wani alkawari tsakanin mai mulki da talaka kan farashin abinci, kuma an saɓa shi. Wannan ya yi daidai da matsayin man fetur a zuciyar ɗan Nijeriya. Masanin tattalin arziki yana ganin tallafi a matsayin rami da ke cinye kasafin kuɗi da azurta ’yan fasa-ƙwauri, kuma yana da gaskiyarsa. Talaka kuwa yana ganin shi ne kaɗai rabonsa daga arzikin ƙasa, tunda asibiti babu magani, makaranta babu malami. Ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da karɓe-karɓen kasuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙ, jam’iyyar NEPU ta gina siyasarta kan kukan talakawa, gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979. Saboda haka mai cewa ƙorafi kan tsadar rayuwa ɗabi’a ce da aka aro daga Kenya, don kawai matasan can sun tilasta wa Shugaba William Ruto janye ƙudurin dokar haraji a Yunin 2024, bai karanta tarihin gidansu ba.

Abin da na fi ganin ya bambanta 2024 shi ne rashin makiyayi. A 2012 ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC ne suka kira yajin aiki, malaman jami’a da lauyoyi da likitoci suka fito, a Kano aka mamaye dandalin Silver Jubilee, har aka ga Kiristoci suna gadin Musulmi suna salla. Akwai wanda za a zauna da shi a teburi, shi ya sa litar da ta tashi daga naira 65 zuwa 141 ta sauko 97 cikin mako biyu. Ko a lokacin an rasa rayuka, amma tafiyar tana da kai da ƙafa. A 2024 kira ya taso ne daga kafofin sada zumunta, ƙungiyar ƙwadago ba ta jagoranta ba, malamai sun hana, sarakuna sun roƙi a haƙura, ’yan boko da yawa sun tsaya a waya. Wa ya rage a titi? Matasa marasa aiki da yara ƙanana, waɗanda ba su taɓa ganin yadda ake tsara tattaki ba. Manyan da suka janye jiki suna da haƙƙin janyewa, amma akwai ’yar rashin kunya a ce mutum ya bar garke babu sanda, sannan ya dawo yana kafa hujja da ɓarnar da aka yi a gona.

Wannan ba wanke ɓarna ba ne. Ko ta fuskar dabara ma asara ce. Erica Chenoweth da Maria Stephan sun bi diddigin gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka gano cewa na lumana sun yi nasara kusan kashi 53 cikin ɗari, masu ɗaukar makami kashi 26. Binciken nasu ya shafi manyan yunƙurin sauya gwamnati ne, bai kamata a ɗora shi kai tsaye kan boren tsadar rayuwa ba, amma dalilin da suka bayar ya shafe mu: tashin hankali yana korar mata da dattawa da ’yan kasuwa daga sahu, yana kuma haɗa kan jami’an tsaro. Tutar Rasha da wasu suka ɗaga a Kano da Kaduna, suna kwaikwayon abin da suka gani a Yamai, tare da kiran soja su karɓi mulki, ita ce babbar kyautar da aka yi wa gwamnati. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya kira abin cin amanar ƙasa, aka kama har da telolin da suka ɗinka tutocin. Mai neman soja su dawo yana amfani da ’yancin taruwa ne don roƙon a ƙwace masa shi.

To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Halacci ba jarrabawa ba ce da talaka kaɗai ke zaunawa. Ƙarfin hukuma shi ma yana da sharuɗɗa: ya zama babu makawa, ya zama daidai gwargwado, kuma a iya tuhumar wanda ya wuce gona da iri. Ƙa’idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 sun taƙaita harbi da nufin kisa ga inda rai ke cikin haɗari. Kujera da kwamfuta ba rai ba ne. Sai dai sashe na 33 na kundin tsarin mulkinmu ya bar ƙofa a buɗe, inda ya sassauta kan kisan da ya auku wajen kwantar da tarzoma, kuma da zarar an laƙaba wa taro wannan suna, an sauya hukuncin jinin da ke cikinsa. Haka Turawan mulkin mallaka suka yi a mahaƙar kwal ta Enugu a Nuwambar 1949, inda aka harbe ma’aikata 21 masu neman haƙƙinsu. Yau jarumai muke kiran su. Ƙungiyar Amnesty International ta ce ’yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Borno, Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Neja, an tsare fiye da 1,200. Rundunar ’yan sanda ta musanta. A Samarun Zariya kuwa rundunar soja da kanta ta amsa cewa sojanta ya harbe wani yaro ɗan shekara 16. Tsakanin zargi da musu, abin da ke raba gardama shi ne bincike mai zaman kansa a bainar jama’a, kuma nauyin kafa shi yana wuyan mai riƙe da bindiga.

Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, da yawansu yara ne daga Kano, bayan kusan wata uku a tsare. Tuhumar ta haɗa da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa ke iya kaiwa ga kisa. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowanne naira miliyan goma. A nan ne hujjar hukuma ta karye a hannunta. Da an tuhumi wanda ya yi sata da sata, wanda ya ƙona gini da ƙone-ƙone, aka kai yara kotun yara kamar yadda doka ta tanada, da an tabbatar da bambancin nan tsakanin mai kwali da mai wawaso, bambancin da jami’an gwamnati suka yi ta cewa suna mutuntawa. Da aka kira yaro mai ƙashin haƙarƙari a waje maci amanar ƙasa, sai aka nuna cewa fitowar ce laifin.

Bayan hotunan yaran sun zagaya duniya, shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, aka janye ƙarar, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya karɓe su a fadar gwamnati ya miƙa su ga gwamnoninsu. An sake su ne da sunan tausayi, don haka babu hukuncin kotu da ya fayyace wanda ya yi laifi a cikinsu da wanda aka zalunta. Farashin mai kuwa, wanda ya fito da su tun farko, an ƙara shi a farkon Satumba, wata guda bayan zanga-zangar, kafin ƙarshen Oktoba lita ta haura naira 1,000.