Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Intanet: Taƙaitaccen Tarihin Cinikin Kayan Adon Hannu

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka riƙa ƙera kayan adon mata da hannu, da yadda ake sayar da su, a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Da kayan ado muna nufin mundaye da awarwaro da zobba da 'yan kunne da sarƙa da duwatsun wuya. Abin da muke so mu nuna shi ne, a kowane zamani sana'ar tana fama da matsaloli guda uku, watau inda za a sami ƙarfe, da wanda zai kai kaya ga mai saye, da kuma amana tsakaninsu. Kasuwa ta sha canza wuri, amma matsalolin suna nan.

2.0 Maƙeri da Ƙarfensa

Bahaushe ya kasa ƙira gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, irin su fartanya da gatari da wuƙa. Akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe, waɗanda su ne masu kayan ado. Philip Jaggar ya yi bayanin wannan rabo a littafinsa kan maƙeran birnin Kano, wanda aka buga a 1994. Sana'ar ta gado ce: yaro yakan fara da zuga, sa'an nan ya riƙe awartaki da magagari, kafin a yarda ya narka azurfa.

Ita azurfar yawancinta shigo da ita ake yi. A ƙarni na 19 babbar hanyar samunta ita ce kuɗin nan da ake kira dala ko liyari, mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Kowace ɗaya tana ɗauke da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga ta, nauyinta kimanin giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari nata azurfa ne. Saboda an san nauyinta da kyanta, mace takan kawo dalolinta a narka a yi mata munduwa, ta kuwa san abin da ta bayar da abin da za ta karɓa. Ke nan munduwa ado ce, kuma ajiya ce ta ranar buƙata.

A zamanin Turawa an fito da kuɗin azurfa na Afirka ta Yamma a 1913, suka zama wata sabuwar hanya. Amma da azurfa ta yi tsada, a 1920 sai aka maye su da na garwayen tagulla, wannan ƙofa kuma ta soma rufewa.

3.0 Kasuwa da Dillanci

Tarihin Kano ya danganta kafa Kasuwar Kurmi ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa duwatsun ado da jan ƙarfe cikin kayan da fatake ke shigowa da su. Daga kudu kuma Masaga na birnin Bida sun shahara da duwatsu da ƙarau na gilashi. 'Yan koli su ne ke yawo da ƙananan kayan daga wannan kasuwar ƙauye zuwa waccan.

To, amma mai sa kayan sau da yawa tana cikin kulle, ba ta zuwa kasuwa. Nan ne aikin dillaliya ya fito. Ita ke shiga gida gida da kaya a ƙunshe, ta san wadda ake haɗa wa lefe, ta san wadda ke neman sayar da zobenta a asirce. Tana cin la'ada, amma kuma ita ce jingina: in kaya suka fito jabu, ita za a kama. Jarinta na gaskiya shi ne sunanta.

4.0 Baje Koli da Baƙi Masu Yawon Buɗe Ido

Daga shekarun 1970 abubuwa biyu suka faru. Na farko, kuɗin man fetur da yawaitar zuwa aikin hajji sun sa zinariyar Makka da Jidda ta shiga lefe, daga baya ta Dubai ta biyo, tare da kayan inji masu araha daga Indiya da Sin. Azurfar gida ta zama kayan tsofaffi. Na biyu, an sami sabuwar irin kasuwa mai ci na 'yan kwanaki, watau baje koli. Na ƙasa da ƙasa na Kaduna ya fara a 1979, na sana'o'in hannu na Wagadugu, SIAO, a 1988, sa'an nan na mata masu sana'ar hannu a Yamai, SAFEM, a 2000.

Waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi su ne maƙeran Buzaye na Agadas, waɗanda ake kira inadan. Sukan siffanta abin wuyan nan da Turawa ke kira kuros ɗin Agadas da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya tsiyaye, su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Baƙi daga Turai sun saye shi ƙwarai, har wasu maƙeran suka riƙa kai kayansu Faransa da kansu. Sai dai tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, sun tsinke zuwan baƙin. Darasin a fili yake: sana'ar da ta dogara ga baƙo, ranar da baƙo ya daina zuwa sai murhu ya mutu.

5.0 Zamanin Intanet

Wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001. An buɗe Facebook a 2004, da Etsy, kasuwar kayan hannu ta Amurka, a 2005, da WhatsApp a 2009, da Instagram a 2010. Yanzu mace tana ɗakinta tana shirya duwatsu a zare, ta ɗauki hoto ta sa a waya, a biya ta ta banki, ta ba direban tasha saƙo. Kullen annoba na 2020, da ya rufe kasuwanni, ya ƙara tura mutane wannan hanya.

Idan muka duba da kyau, matsalolin nan uku ba su kau ba. Ƙarfe da duwatsu har yanzu daga waje suke, saboda haka faɗuwar naira takan cinye riba. Dillaliya ta ragu, amma mai shafi ya gaje ta: shi ke sayen kaya a maƙera da araha, ya sa musu sunan kasuwancinsa, sunan maƙeri kuwa ba ya fitowa. Amana kuma ta fi da wuya, domin hoto ba ya nuna nauyi, ba ya bambanta azurfa da farin ƙarfen da aka yi wa wanka. Wannan ne ya sa masu sana'ar ba su bar baje koli ba. A can ne mai saye zai taɓa kaya ya ga fuskar mai su, daga nan ya ci gaba da saye ta waya.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa kasuwar kayan ado ta tashi daga rumfa zuwa ƙunshin dillaliya, zuwa filin baje koli, zuwa waya. Abin da ya shafe mu, mu masu nazarin harshe, shi ne yawancin tallan intanet da Ingilishi ko Faransanci ake yin sa, ana tara munduwa da kwandaga da awarwaro da ƙarau a ƙarƙashin kalma guda ta aro. In sunan abu ya ɓace, bambancin ƙirarsa ma yakan bi shi. Saboda haka muna ba ɗalibanmu masu neman abin bincike shawara su je maƙera su zauna da dattawan da suka rage, su rubuta sunan kowane kaya da na kowane zane da na kowane kayan aiki, tare da hoto da sunan garin da aka ji shi. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, amma ba zai jira mu ba.