Haraji da Takardar Shaida a Ƙasar Kano

Wanda ya fita daga birnin Kano ya bi hanyar Katsina, ba zai yi nisa ba sai ya isa Dawanau, cikin ƙasar Dawakin Tofa, inda Madakin Kano yake hakimci. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona, ba daji tsakaninsu. A irin wannan wuri mai karɓar haraji ba ya shan wahalar neman mutane, shi ya sa tarihin harajin Kano ya fi fitowa fili a ƙauyukan da ke kewaye da birni. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda talaka ya sami abin kāre kansa daga a karɓi kuɗinsa sau biyu, ko a karɓa a ci a hanya.

Haraji ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kutumbi, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali wajen Fulani. Kumbari kuwa, tsakanin 1731 da 1743, ya tsananta wa Kasuwar Kurmi da karɓe-karɓe har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tashi suka koma Katsina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin da ya zargi sarakunan Hausa da shi a littafinsa Kitabul Farƙi. Duk da haka, sa'ad da Baturen nan Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace karofi kuma wuri 700, ban da zakkar hatsi.

A wancan zamani hakimai a birni suke zaune, garuruwansu kuwa a warwatse. Jakada ne ke fita ya karɓo. Mai gari ya ɗebi nasa, jakada ya ɗebi nasa, hakimi ya ɗebi nasa, ragowar ta isa gidan Sarki. Manomi ba shi da wata shaida sai bakin maƙwabtansa. In abin ya fi ƙarfinsa, ya kai kuka wurin alƙali ko fada, in kuwa bai ga fuska ba, ya kwashe iyalinsa da dare ya yi ƙaura.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Cikin 1906 Gwamna Lugga ya kafa dokar da ta nufi haɗa ƙananan karɓe-karɓen nan su zama haraji guda, a raba shi biyu, rabi na Gwamnati, rabi na Sarki da hakimansa. Aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka umurci hakimai su fita su zauna cikin talakawansu, aka rage hannun jakadu. Sa'an nan aka kafa Baitulmali, wanda Palmer ya soma gwadawa a Katsina, zuwa 1911 kuwa ya kafu a Kano da sauran manyan masarautu. Daga nan kuɗin haraji ya daina zama na aljihun kowa. Sarki da hakimi da alƙali duk aka yanka musu albashi, Ma'aji ya riƙe littafi, kowace shekara a rubuta abin da ake sa ran samu da abin da za a kashe, Razdan ya duba. Asalin kasafin kuɗi ke nan a ƙasar Kano. Da rabon En'e aka gina asibitin birni, aka kuma kawo ruwan famfo da lantarki daga Challawa a 1931.

Amma gyaran sama bai isa ƙauye nan da nan ba. Wajen 1909 aka shigo da awon taki a gundumomin kusa da birni, watau malami ya taka tsawon gona da faɗinta da ƙafa, a yanka haraji gwargwadon yawan takun. To, ƙafar malamin taki ba sanda ba ce. In ya gajarta taku, gonar talaka ta girma a takarda, in an gaishe shi da kaza ko sule, ya buɗe ƙafa gona ta ƙanƙance. Ga shi kuma yanzu da kuɗin Bature ake biya, an daina karɓar wuri da dami. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, manomi ya koma shuka gyaɗa don ya sami na haraji. Wanda gyaɗarsa ba ta yi ba, sai ya sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, ya zo ya saye shi da tsada da bazara. Yunwar 1914 ta sami mutane da yawa rumbu wayam.

Daga baya aka bar awon gona aka koma ƙidayar mazaje baligai, a aza wa gari jimla, dagaci da masu unguwa su rarraba. Nan ma ha'inci ya sami ƙofa. Akan ɓoye sunayen waɗansu daga littafi a karɓi kuɗinsu a soke. Akan bar sunan mamaci ko wanda ya tafi cin rani, a matsa wa danginsa. Akan miƙa wa wanda bai iya boko ba rasit ɗin bara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, gama magidanci kan ɓoye ɗansa baligi ran ƙidaya, Bafillace kuma ya kora shanu ƙetaren iyaka kafin malamin jangali ya iso.

Maganin da aka samu ƙanƙane ne a ido, amma shi ne ya yi aiki. Aka ce a faɗi harajin gari a bainar jama'a, kowane mai biya kuma a ba shi rasit mai lamba, da sunansa da shekara da adadin kuɗi, gindin takardar ya zauna a littafi. Mai rasit yana iya tsayawa gaban alƙali, ko ya tari Di'o sa'ad da ya fito rangadi, a gwada takardarsa da ta ofis. Dagatai da yawa sun rasa rawani ta wannan hanya, waɗansu har da ɗauri. Shi ya sa dattawa sukan naɗe rasit su cusa cikin layar fata ko gorar kara, su adana shi kamar takardar gona.

Binciken bai tsaya kan dagatai ba. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta sa Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Jam'iyyar NEPU kuwa, tun kafuwarta a 1950, ta riƙe kukan haraji, har magajiyarta PRP ta ci zaɓe, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano cikin 1979. Talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Sai dai tun daga nan ƙananan hukumomi suka ƙara dogara ga rabon da ke zuwa daga asusun Tarayya, mutumin ƙauye kuma, da yake ba daga hannunsa kuɗin ya fita ba, ya rage tambayar inda aka kai shi.

Yau Dawanau ta shahara da babbar kasuwar hatsi, wadda ake lodi daga cikinta zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, ana kuwa karɓar kuɗin shiga iri-iri a kan rumfa da mota da kaya. Saboda haka darasin kakanni bai tsufa ba. Wanda aka ce ya biya, ya tambayi dokar da ta aza kuɗin, ya karɓi takarda mai lamba, ya adana ta, sa'an nan ya nemi a karanta masa kasafin da kuɗin ya shiga. Wanda aka ba amanar karɓa kuma ya tuna akwai ranar da za a buɗe littafi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.