Dashe da Ƙaura a Ƙasar Bacirawa

Tun kafin Nasara su ci Kano a shekarar 1903, ƙauyukan da ke kewaye da ganuwar birnin, irin su Bacirawa ta ƙasar Ungogo, sun riga sun cika da jama'a, har ya zamana da wuya a ga saura, kowace gona ana nomanta shekara bisa shekara da albarkar takin da jakai ke ɗaukowa daga birni bayan sun sauke itacen girki. A irin wannan wuri ƙaura ba ta yin nisa. Galibi gandu ne ke rabuwa bayan wafatin maigida, ƙane ya ja iyalinsa ya kafa gida a gonar da ta faɗo masa cikin gado.

Abin da zai iya tafiya da shi cikin tsirrai kuwa, sai wanda Allah ya hore wa kamawa daga reshe ko saiwa. Yakan dakata har damina ta kankama, sa'an nan ya sari reshen cediya mai kauri ya kafa a ƙofar zaure domin inuwa, ya tsaga tushen gamba ya jera a kan iyaka, ta ba shi zana, ta kuma zama hujja ranar husuma. Lalle da zogale na mata ne, su ke ciro su da la'asar, da ƙasa a jikin saiwa, su rage ganye don kada rana ta kashe.

Amma kuka da ɗorawa da tsamiya ba sa tashi, saboda haka al'ada ta bambanta mallakar itace da ta ƙasa, har mutum ya bar kufai shekaru alhali ɗorawarsa tana nan tasa. Fiƙihu ma ya san irin wannan rarrabewa, domin littafin Risala ya hukunta cewa dabinon da aka yi wa barbara, in an sayar, 'ya'yansa na mai sayarwa ne, sai fa in mai saye ya sharɗanta.

Furen wardi kuwa baƙo ne, a gidajen Turawa na Nasarawa da Bompai ya zauna, manomi bai ga dalilin shayar da abin da ba ya shiga miya ba. Yanzu da birni ya haɗiye Bacirawa, aka yanka gonaki fuloti-fuloti, mai tarewa a sabon gida, a bakin titi yake sayen dashensa cikin leda, yawanci darbejiya ko mangwaro.