Kakuri da Masaƙunta

Tun kafin a sami mulkin kai, shugabannin Jihar Arewa sun lura cewa audugar da talaka ya noma a ƙasar Funtuwa da Gusau da Zariya, a gurje ta a ɗaure, jirgin ƙasa take shiga zuwa bakin teku, ta tafi Ingila, sa'an nan ta komo mana a matsayin yadi da tsada, alhali samarinmu na zaune ba abin yi. Bisa wannan la'akari ne gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin David Whitehead na Lankasha, aka gina masaƙar KTL a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, ta fara saƙa akoko a 1957. Ba a jima ba masaƙar Nortex ta biyo, sai UNTL da Arewa Textiles, har unguwar ta zama cibiyar saƙa ta ƙasa baki ɗaya.

Hikimar wannan tadbiri ita ce albarkarsa ba ta tsaya ga ma'aikacin da ke gaban inji ba. Idan jiniyar canjin aiki ta kaɗa, sai dubban mutane su fito bisa kekuna, mai tuwo a bakin ƙofa ta sayar, mai gidan haya ya karɓi nasa a ƙarshen wata, manomi a ƙauye kuwa ya kai audugarsa kan sikeli da yaƙinin akwai mai saye.

Amma daga 1986, da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, baƙin mai ya yi wuya, atamfar fasa-ƙwauri kuma ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, aka sallami magidanta, da yawansu suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har Allah ya karɓi ransu ba su gani ba.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba, domin an kafa NDE don koyar da sana'a, an yi NAPEP a 2001 wadda ta bar mana sunanta a jikin keke, an kuma yi N-Power a 2016, inda aka riƙa ba matashi naira 30,000 a wata. Amma waɗannan duka tallafi ne mai wa'adi, ranar da alawus ya yanke sai mutum ya koma zaman kashe wando. A ganina wajibi ne mahukunta su fara biyan tsofaffin ma'aikatan Kakuri haƙƙinsu, sa'an nan su gyara wuta, su tsare kan iyaka, domin ba wanda zai zuba dukiyarsa a masaƙa matuƙar waɗannan biyu ba su daidaita ba.