Tsoho a Kan Alfadari: William Cecil da Sarauniyarsa

Hoton da ya fara haɗa ni da William Cecil zane ne na wani tsoho mai furfurar gemu, zaune a kan alfadari, riƙe da fure a hannu. A wani littafin tarihin Ingila na gan shi tun ina ɗan makaranta, ainihin zanen kuwa yana ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford. Sauran fadawan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya da ke cikin littafin, daga mai sulke sai mai dafe da takobi. Shi kuwa wanda aka ce ya riƙe mata ƙasa shekara 40, ga shi bisa dabbar ɗaukar kaya. Daga baya na gane dalili: ciwon gaɓoɓi ya ci ƙafafunsa, alfadarin ne ke zagayawa da shi cikin lambu idan ya samu sararin barin fada. Tun daga ranar nake bin labarinsa, kuma har yau zuciyata a rabe take a kansa.

Sisil ake furta sunan. An haife shi a 1520 a garin Bourne da ke yankin Lincolnshire. Gidansu ba gidan sarauta ba ne, gidan barori ne masu rufin asiri. Mahaifinsa Richard yana cikin masu kula da tufafin Sarki Henry na Takwas. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi kwalejin St John's a Kambirij, ya zauna gaban John Cheke, gwanin harshen Girka. A nan ya yi abin da bai sake yin irinsa ba a rayuwarsa: ya bi son zuciyarsa. Ya ga Mary, 'yar'uwar malamin nasa, wadda mahaifiyarta ke da shagon sayar da giya a garin, ya ce sai ita. Mahaifinsa bai so ba, aka ɗauke shi zuwa Landan karatun lauya, amma duk da haka sai da ya aure ta a 1541. Ta haifa masa ɗa, Thomas, ba ta daɗe ba ta rasu. Matarsa ta biyu, Mildred Cooke, tana cikin matan da suka fi kowa ilimi a Ingila a lokacin, kuma sun zauna tare sama da shekara 40.

Fada ta buɗe masa ƙofa a 1547, lokacin da Henry ya mutu ya bar yaro ɗan shekara 9, Edward na Shida, a kan gadon sarauta. Kawun yaron, Duke na Somerset, shi ya riƙe ƙasa, Cecil kuma ya zama magatakardansa. Da manyan fada suka kayar da Somerset a 1549, guguwar ta kwashe har da Cecil, ya yi kusan wata biyu a kurkukun Hasumiyar Landan. Bai cika shekara da fitowa ba sai ga shi Sakataren Gwamnati a hannun John Dudley, mutumin da ya kayar da ubangidansa. A 1552 aka fille kan Somerset, Cecil na ofis yana aikinsa.

Shekara ta gaba ta fi tsanani. Edward na kwance rai a hannun Allah, aka shirya takardar da za ta hana yayarsa Mary, 'yar Katolika, gadon sarauta, a bai wa Jane Grey, matar ɗan Dudley. Cecil ya sa hannu. Kwana tara Jane ta yi, jama'a suka bi Mary, aka fille kan Dudley. Cecil ya ce shi a matsayin shaida kawai ya sa hannu, aka kuma ƙyale shi. Shekara biyar na mulkin Mary ya yi su yana halartar ibadar Katolika, alhali zuciyarsa na wajen Furotesta. Har yana cikin waɗanda aka tura su rako Kadinal Pole zuwa Ingila a 1554. A cikin mulkin nata an ƙona kusan mutum 300 da ransu saboda sun ƙi barin aƙidarsu. Surukinsa Anthony Cooke ya yi hijira. Malaminsa Cheke ma ya gudu, aka kamo shi, aka tilasta masa ya janye aƙidarsa a bainar jama'a, ya mutu a 1557 cikin baƙin ciki. Duk lokacin da na zo wannan gaɓar sai in ji nauyi a ƙirji. Ba zan ce masa jarumi ba. Amma na sha tambayar kaina abin da ni zan yi da a ce wutar a ƙofar gidana ake hura ta, ga mata ga 'ya'ya, sai in ji bakina ya mutu.

Abu ɗaya bai saki ba cikin shekarun nan: tun 1550 shi ke kula da filaye da gonakin ƙanwar Mary, gimbiya Elizabeth. Ranar 17 ga Nuwamba 1558 Mary ta rasu, kuma kafin rana ta faɗi Cecil ya riga ya zauna yana jera abubuwan da za a yi: wa za a aika wa saƙo, yaya za a tsare tashoshin jiragen ruwa, wa zai yi wa jama'a huɗuba. Bayan kwana uku, a gidan Hatfield, sabuwar sarauniya mai shekara 25 ta rantsar da shi Sakatare, shi yana da 38. Abin da ta gaya masa ranar an adana shi. Ta ce ta yi masa shaidar ba za a saye shi da kyauta ba, zai riƙe amanar ƙasa, kuma zai ba ta shawarar da ya ga ta fi dacewa ba tare da duba abin da ranta ke so ba. Samun mai mulkin da zai faɗi haka da wuya, samun wanda zai jure idan an yi masa hakan ya fi wuya.

Ƙarfin Cecil a takarda yake. Dubban wasiƙu da rubuce-rubucensa suna nan har yau. Idan magana ta taso sai ya raba takarda gida biyu, amfani a gefe, illa a gefe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yana zana salsalar manyan gidaje da hannunsa don ya san wa ya auri 'yar wa. Taswirorin da Christopher Saxton ya yi na gundumomin Ingila, Cecil ya cika gefen nasa da sunayen alƙalan yanki da wuraren da abokan gaba za su iya sauka daga teku. Da irin wannan aikin aka kafa dokokin addini na 1559 waɗanda cocin Ingila ke tsaye a kansu. Da shi aka janye gurɓatattun kuɗin da aka cakuɗa azurfarsu da tagulla tun zamanin Henry, aka buga sababbi a 1560 da 1561. Har cin kifi sai da ya sa wa doka: a 1563 aka ƙara Laraba cikin ranakun da ba a cin nama, don masunta su yawaita, sarauniya ta samu matuƙa jirgi ranar yaƙi. Mutane suka riƙa kiran ranar azumin Cecil.

Zaman nasu bai rasa saɓani ba. A ƙarshen 1559 ya dage sai an taimaki Furotestan Sikotlan su kori sojojin Faransa, ita kuwa ba ta son kashe kuɗi, ba ta kuma son goyon bayan masu yi wa sarauta tawaye. Ya rubuta mata cewa in haka ne a cire hannunsa daga maganar, a ba shi kowane aiki ko da a ɗakin girki ne. Ta sauko. Ya tafi da kansa ya ƙulla yarjejeniyar Edinburgh a Yulin 1560, Faransawa suka kwashe sojojinsu. Da ya dawo bai samu ko sannu da zuwa ta kirki ba, domin hankalin sarauniya ya tafi kan Robert Dudley, ɗan wancan Dudley da aka fille wa kai. Maganar aure kuwa, shekara da shekaru yana roƙonta ta yi don ƙasa ta samu magaji, ba ta yi ba. A tsufansa ya bayyana wa ɗansa ƙa'idarsa: muddin an ba shi damar magana ba zai canja ra'ayinsa don a ji daɗi ba, amma idan ta yanke hukunci zai bi, domin shi bara ne.

Sau ɗaya ya tsallake wannan ƙa'idar, kuma nan ne labarinsa ya fi riƙe ni. Mary Sarauniyar Sikotlan, jikar gwaggon Elizabeth, ta gudo Ingila neman mafaka a 1568. 'Yar Katolika ce, kuma ita ce mafi kusa da gadon sarautar Ingila. A idon Cecil, muddin tana numfashi to wuƙa na wuyan sarauniyarsa. Abubuwan da suka biyo baya suka ƙara masa hujja: tawayen manyan arewacin Ingila a 1569, sanarwar Fafaroma Pius na Biyar a 1570 da ta sauke wa Katolika nauyin biyayya ga Elizabeth, sai makircin Ridolfi da ya kai Duke na Norfolk ga hauni a 1572. A tsakanin nan ne aka ba Cecil sarautar Lord Burghley a 1571, ya zama Ma'ajin ƙasa a 1572. Tsoron ya sa gwamnatin da yake jagoranta ta yi abin da ba zan iya wanke shi ba. An azabtar da fursunoni don su yi magana, an kashe limaman Katolika sama da 100 a zamanin Elizabeth, cikinsu har da Edmund Campion a 1581. Cecil da kansa ya wallafa ƙasida a 1583 yana cewa don cin amanar ƙasa aka kashe su, ba don addini ba. Mutumin da ya ga wutar zamanin Mary yayar Elizabeth da idonsa, ya san ɗacin ɓoye aƙida, shi ne ya rubuta wannan.

A 1586 'yan leƙen asirin Francis Walsingham suka kama wasiƙar da Mary ta amince da makircin Anthony Babington na kashe Elizabeth. Aka yi shari'a, aka yanke mata hukuncin kisa. Elizabeth ta yi ta jan ƙafa wata da watanni. Jininta ce, kuma sarauniya ce irinta, in aka saba fille kan masu sarauta wa ya san inda abin zai tsaya. Ranar 1 ga Fabrairu 1587 ta sa hannu a takardar, ta miƙa wa sakatare William Davison, aka buga hatimi, sannan ta shiga maganganu masu harshen damo. Cecil ya san halinta sarai, ya san gobe za ta iya cewa a dakata. Ranar 3 ga wata ya tara 'yan majalisa a ɗakinsa a fadar Greenwich, suka yi alkawari za su aika da takardar, kuma ba wanda zai gaya mata sai an gama. Ranar 8 ga Fabrairu aka fille kan Mary a Fotheringhay, bayan kusan shekara 19 a tsare.

Fushin sarauniya ya girgiza fada. Ta kori Cecil daga gabanta, tsoho mai shekara 66, ya riƙa aika wasiƙun ban haƙuri tana ƙin karɓa. Bayan 'yan watanni ya koma kujerarsa. Davison kuwa, ƙaramin cikinsu, shi ya ɗauki kayan kowa: aka ci shi tara mai nauyi, ya yi sama da shekara ɗaya da rabi a Hasumiya, bai sake riƙe aiki ba. Davison yana raina duk lokacin da na ji ana yabon hikimar Burghley.

Dukiya kam ya tara. Tun 1561 shi ke riƙe da ofishin marayun manyan gidaje, inda ake sayar da riƙon maraya da ikon aurar da shi, kuma masu nema ba sa zuwa hannu rabbana. Da wannan ya gina Burghley House kusa da Stamford da kuma Theobalds, inda sarauniya ke sauka da dukan tawagarta a kan aljihunsa. Ɗaya daga cikin marayun, Earl na Oxford, ya auri 'yarsa Anne, ya kuma ba ta wahala har ta rasu a 1588, shekarar da aka fatattaki jiragen yaƙin Sifen. Mahaifiyar Cecil ma a shekarar ta tafi, Mildred ta bi su a 1589. Tsohon da ke kan alfadarin nan, wanda ya rage ke nan: kurumta ta fara kama shi, a kujera ake ɗaukarsa zuwa majalisa, ya nemi a sallame shi an ƙi. Abin da ya rage masa shi ne ya ga ƙaramin ɗansa Robert, mai ƙusumbi, wanda sarauniya ke tsokana da gajarta, ya gaje shi. A 1596 Robert ya zama Sakatare, duk da adawar Earl na Essex.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi a gidansa na Landan, Elizabeth ta zo ta zauna bakin gadonsa tana ba shi abinci a baki da hannunta. Shi da kansa ya faɗi haka a wasiƙarsa ta ƙarshe ga Robert. Ya rasu ranar 4 ga Agusta 1598, aka binne shi a cocin St Martin da ke Stamford. Robert ne ya shirya yadda sarauta ta koma hannun James na Sikotlan a 1603 ba tare da zubar da jini ba, James ɗin nan kuwa ɗan Mary ne da aka fille wa kai.

Gidan bai bar fada ba, kuma ta nan labarin ya iso ƙofarmu. Lord Salisbury, wanda ya yi firaministan Birtaniya sau uku tsakanin 1885 da 1902, Cecil ne, daga tsatson Robert, kuma a Hatfield yake zaune. A Agustan 1890 shi ya daidaita da Faransa a kan layin da ya tashi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi, da sharaɗin duk abin da ke na daular Sakkwato ya faɗo ɓangaren Ingilishi. Kakansa na farko ya san sunan alƙalin kowace gunduma a taswirarsa. Shi kuwa da bakinsa ya faɗa wa taron jama'a a Landan cewa sun yi ta raba duwatsu da koguna da tafkuna ba tare da sun san takamaiman inda suke ba. An sake taɓa layin a 1898 da 1904 da 1906, har ya zauna inda yake yau, tsakanin Katsina da Maraɗi.